Maɓallan Hannun Dama

Tun ranar da Dunsin ya aiko wa ubansa kwamfutar tafi-da-gidanka daga Kanada, gidan Mista Ogunrinde ya yi sabon mai gida. Ɗaki guda aka ware mata, aka yanka mata mayafin leshi, ba mai taɓa ta sai shi. Iya Dunsin, wadda ta haifi mai aikowar, ko ƙura ta gani a kanta sai dai ta kalla ta wuce. Mijin nata ya ƙare aikinsa a tashar jiragen ruwa ta Apapa yana buga hatimi a takardun da wasu suka rubuta, sai da ya yi ritaya ya gano ashe duniya tana jiran tarihin rayuwarsa. Ba wanda ya tambaye shi. Kullum yana zaune da tabarau a karan hanci, yatsa ɗaya na dama, ɗaya na hagu, yana tsattsagar maɓallai kamar kaza a kan tsaba, kuma har yanzu labarin bai fita daga firamare ba.

Wannan bai dami Iya Dunsin ba. In dai kwamfuta za ta zaunar da shi wuri ɗaya, Allah ya ƙara. Abin da ke cin ranta ƙafarsa ce. Mutumin yana da ciwon suga, wani ɗan ƙurji da ya fito masa a babban yatsa ya zama gyambo, ya ƙi warkewa. Likita ya gindaya doka, ita kuwa ta riƙe dokar kamar ita ta kafa ta. Ta kori sukari daga gidan, ta raba shi da garin kwaki da burodin Agege, ta koma tuƙa masa amalar ɗanyar agade da miyar shuwaka. Ita kanta ta daina sa wa shayinta zaƙi don kada ransa ya biya. Shagonta na atamfa sai rana ta ɗaga take buɗe shi, bayan ta wanke ciwon ta ɗaure. Duk da haka, in aka je asibiti aka ɗiga jininsa a ɗan injin nan, sai lamba ta haura sama. Likita ya kalle ta, ta kalli miji, miji ya kalli silin.

A nan Anti Mosun ta sami ƙofar shiga. Ƙanwar mijin ce, Iya Dunsin ta girme ta nesa ba kusa ba, amma tunda an haife ta kafin a kawo Iya Dunsin gidan, dole ta ce mata Anti, ta kuma rusuna mata har ƙarshen rayuwa. Anti Mosun ba ta riƙe aure ba, ba ta riƙe sana'a ba. Abin da ta riƙe da hannu biyu shi ne wani Woli, malamin coci mai farar riga da ke duba a bakin teku, wanda yake ganin komai a duniya ban da inda matarsa ta gudu. Woli ya duba ya ce ciwon nan ba na asibiti ba ne, hannu ne, kuma hannun yana cikin gida kusa da tukunya. To, mutum nawa ne ke kusa da tukunya a gidan? Kafin wata ya ƙare magana ta zaga dangi daga Legas har Ijebu, kowa ya ƙara mata gishiri. Baba Agba, babban dangi, ya sa taro ranar Lahadi, kuma an riga an san abin da za a yanke: Iya Dunsin ta je gidan ubanta ta ɗan huta har mai gida ya warke. Uban nata ya daɗe a ƙasa. Gidan da za a fitar da ita daga ciki kuwa, rabin bulonsa da ribar atamfarta aka saya.

Abu ɗaya ne ya hana ta zubewa. Ranar da maganar ta iso kunnenta, tana durƙushe tana wanke masa ƙafa hawaye na ɗiga cikin roba, mijin ya dafa kanta ya kira ta da sunanta na yanka, abin da ba ya yi sai magana ta kai magana.

"Rabu da su, Ibiwumi. Ni na san wadda na aura."

Da wannan maganar take tashi, da ita take kwana. Duk wanda ya yi mata kallon mayya a coci ko a layi, sai ta tuna ta, ta ɗaga kai ta wuce.

Ana cikin wannan sai kwamfuta ta ɗauki nata ciwon. Da fari harafi ɗaya ne ya ƙi fita, sai an danna shi da ƙarfi. Sai na kusa da shi ya bi sahu, sai na ƙasansu. Kafin mako ya zagayo, Mista Ogunrinde ko sunansa ba ya iya rubutawa cikakke. Ya kashe ya kunna. Ya zare waya ya mayar. Ya hura mata iska da baki har jiri ya ɗebe shi, ya kife ta ya bubbuga bayanta kamar jaririn da ya ƙware, ya ajiye ta a gaban fanka wai ta sha iska. Da duk dabarar ta ƙare sai ya koma zagin Dunsin, wanda ya ce tsohuwa ya saya masa. Anti Mosun ta zo duba ɗan'uwanta, ta tsaya bakin ƙofar ɗakin ta riƙe haɓa, ta ce, yadda mai tuƙa amala a kicin za ta ji, ashe hannun da ya kama ƙafa ya hau tebur. Ba a son bawan Allah ya rubuta gaskiya.

Iya Dunsin ta ajiye muciya. A ce ta kama ƙafa, ta haɗiye. Amma a ɗora mata har da na'urar da ko mayafinta ba ta taɓa ɗagawa ba, wannan ya yi yawa. Ranar Juma'a ta ce a ba ta ta kai gyara. Mijin ya yi ta kame-kame, ya ce mata ba su san darajar irin waɗannan abubuwa ba, amma ƙafa ba ta takuwa, ga shi tarihin ya tsaya daidai wurin da ya zo na ɗaya a tseren buhu. Ya miƙa mata yana jera sharuɗɗa. Ta naɗe kwamfutar a zani, ta hau danfo, motar hayar Legas, zuwa kasuwar kwamfuta ta Ikeja.

Kasuwar nan kowa injiniya ne. Mai sayar da igiyar caji injiniya, mai jan hannunka a bakin titi injiniya, wanda ya sace maka waya a ƙofar shiga ma in ka dawo ta ƙofar baya za ka tarar ya zama injiniya yana sayar da ita. Ƴan jan hannu suka yanyame ta, wannan ya ce Mama, wancan ya ce uwata ta kaina. Ta ƙanƙame ƙunshinta ta kutsa har wani bene, inda wata maƙwabciyar shagonta ta kwatanta mata Injiniya Dokun. Shagon bai fi banɗaki ba, allon sunan ya fi shagon faɗi.

Dokun bai kwance zanin ba ya gano ciwon. Ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga, sai an wanke kan kwamfutar tas. Da ta ce ba za a wanke komai ba, rayuwar mijinta kaf tana ciki har zuwa aji huɗu, sai cutar ta canza: yanzu babban faifan ciki ne ya ƙone, sai an yi odar sabo daga waje, ta bar ta ta dawo mako mai zuwa. Iya Dunsin ta jawo benci ta zauna, ta gyara ɗaurin kallabi.

"Ɗana, ni ma ƴar kasuwa ce. In na rantse wa mutum atamfa ba ta zuba, na san abin da nake nufi. Buɗe ta a gabana."

Ya yi tsaki ciki-ciki, ya ce Mama ta cika rigima, amma ya kunna. Ya buɗe farin shafi ya shiga danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, tun daga gefen hagu. Duk wanda ya taɓa, harafi ya fito. Ya zo tsakiya, ya ƙetara dama, sai shiru. Layin sama haka, na tsakiya haka, na ƙasa haka, kamar an ja iyaka. Ya jawo wani allon maɓallai na daban ya jona da waya, ya danna, sai ga kowane harafi ya fito ras. Ko ita da ba ta san komai a kai ba ta gane kan kwamfutar lafiyarsa lau, faifan da ya ƙone ɗazu ya warke ba magani. Dokun bai ji kunya ba, irinsu ba sa ji. Ya ce dama abin da yake zargi ke nan tun farko.

Ya ɗauko ɗan ƙarfe ya sa ƙarƙashin wani maɓalli na dama ya ɓanɓare. Bai fita da sauƙi ba, sai da ya ja wani zare mai danƙo. Ya cire na biyu, ya cire na uku. Sai kiyashi suka ɓarke. Jajaye, ƙanana, wasu ɗauke da fararen ƙwai a baki, suka malalo kan tebur suka hau hannun injiniya. Ya yi tsalle ya buge kansa da fanka, yana kakkaɓe riga yana cewa shi injiniya ne, ba mai feshin ƙwari ba, wannan aikin kuɗinsa daban. Maƙwabtansa injiniyoyi suka leƙo, kowa da bayaninsa. Daga ƙarshe suka haɗu a kan cewa jikoki ne suka zubar da lemon kwalba.

Babu jika a gidan, babu lemon kwalba. Iya Dunsin ta sa yatsa ta dangwali abin da ya daskare a ƙarƙashin maɓallan, ruwan ƙasa-ƙasa, ta kai hanci. Zuma ce, ko dai abin da ake sayarwa da sunan zuma a cunkoson motoci, narkakken sukari da aka dafa har ya yi duhu. Ta sake kallon iyakar nan da ta raba allon biyu. Mista Ogunrinde, ɗan gidan mutunci, ko a ɓoye ba zai kai hannun hagu baki ba.

Ta sa aka sa sabon allo a gabanta, ta karɓi tsohon ta ƙulle a leda, duk da Dokun ya so ya riƙe shi, wataƙila don ya wanke ya sayar wa wani a matsayin sabo. A cikin danfo dariya ta riƙa kubce mata har ta kusa da ita ta matsa. Ana zaton wuta a maƙera! Tsoho da furfura, mai tarihin rayuwa, ya kulle ƙofa yana lasar zuma kamar ɗan yaye. Ranta ya ɓaci, gaskiya ne, ta tuna duk shuwakar da ta wanke har hannunta ya yi kanta. Amma sauƙin da ta ji ya fi ɓacin ran. Kwaɗayi ciwo ne da mace ta san maganinsa.

Ta tarar da shi yana barcin rana a falo, ƙafa a kan matashi. Ta shiga ɗakin da aka hana ta shiga. Ba ta sha wahalar nema ba, kiyashin da suka rage sun yi mata jagora: daga ƙafar tebur ta dama, ta bin bango, zuwa bayan tsofaffin fayilolin Apapa. Ga kwalba rabi, ga wasu a bayanta an lashe su tas. Kowace an naɗe wuyanta da farin ƙyalle, an ɗiga mata kakin kyandir a murfi. Ta san ƙyallen, irinsa ne Anti Mosun ke ɗaurawa a kai in za ta bakin teku. Wato wannan ne maganin Woli: mai ciwon suga, a ba shi zumar addu'a don rayuwarsa ta yi zaƙi. Ta sa kwalbar a jaka, ta ajiye kwamfutar a wurinta, ta rufe ta da leshinta. Da ya farka ta ce masa an gyara, bai tambayi abin da ya lalace ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ranar Lahadi dangi suka cika falo, manyan riguna da manyan gwaggwaro. Iya Dunsin ta dafa musu dafa-duka da naman akuya. Mutanen da suka taso daga Ijebu don su raba ɗan'uwansu da tukunyar mayya suka cinye tukunyar har ƙanzo, wani kawu ma ya nemi a ƙulle masa saura. Sai da aka wanke hannu aka yi gyatsa, sannan Baba Agba ya gyara murya. Ya yi doguwar shimfiɗa a kan zumunci, ya ce ba wanda ake zargi, Allah ya kiyaye, sai dai in ciwo ya ƙi jin magani akan ɗan canza hannu. Ya ce matarmu za ta je ta huta.

Iya Dunsin ta durƙusa gwiwa biyu a tsakiyar falon. Ta gaida kowa da matsayinsa, har Anti Mosun. Ba a ce wa babba ya yi ƙarya, ba a ce wa miji ya yi sata, ita ma ba ta ce ba. Ta ce ita jahila ce, ba ta san boko ba, ta kai kwamfutar mai gida gyara ne aka ba ta wani abu da ya fi ƙarfin saninta, shi ne ta kawo wa manya su duba mata. Ta kwance leda ta ajiye tsohon allon a kan tebur, ragowar kiyashi suka fito suka kama hanyar farantin Baba Agba. Ta ajiye kwalbar a gefensa. Ta ce likita ya ce ko cokali ɗaya na wannan guba ne ga mai gida, ita kuwa ba ta san yadda aka yi ya shigo gidan ba.

Idanu suka tafi kan farin ƙyallen, daga nan suka tafi kan Anti Mosun, wadda ta zo taron da irinsa a ka. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ta miƙe tana huci, ta ce e, ita ta kawo, kuma ba ta ji kunya ba, da ba don ita ba da tuni an binne ɗan'uwanta.

"Woli ne ya ce ya riƙa lasa sau uku kafin ya ci duk abin da ta dafa, don abin da take zubawa kada ya kama shi. Ku tambaye shi mana. Da kansa yake aiko mini in ta kusa ƙarewa."

Iya Dunsin tana durƙushe, sai ta ji falon ya yi mata nisa. Kafin ya ci abin da ta dafa. Ta tuna yadda kullum in ta ce abinci ya sauka, sai ya ce bari ya ƙarasa layin nan, ya tura ƙofa, jim kaɗan ya fito yana goge baki ya zauna ya ci, har ya yaba miyar. Safe, rana, dare. Ashe ba kwaɗayi ba ne. Ta so a ce kwaɗayi ne, da ta yafe kafin a tashi daga taron. Ta juya ta kalli mijinta.

"Baba Dunsin, tun yaushe?"

Ya kalli silin, kamar yadda yake yi a asibiti. Silin bai taimake shi ba. Ya ce a hankali, shi bai taɓa yarda da maganar ba, kawai dai an ce rigakafi ya fi magani.

Dangi ba su rasa mafita ba, ba sa rasawa. Baba Agba ya kakkaɓe kiyashi daga hannun riga ya ce to alhamdu lillahi, ga shi Allah ya bayyana gaskiya, ba mai laifi, aikin shaiɗan ne. Ya ce Mosun don ƙauna ta yi, jini ba wasa ba ne. Sannan ya juyo kan Iya Dunsin ya ce ita ma da nata: mace tana cikin gida, miji ya shanye kwalabe haka ba ta sani ba, ina idonta yake? Ya ce maganar hutu an janye, ta zauna ɗakinta, amma ta ƙara kula, ta kuma gode wa Antinta da ta damu da lafiyar mijinta. Ta gode mata, a durƙushe. Kawun nan ya karɓi ƙunshin namansa, aka watse kowa yana cewa taro ya yi albarka.

Yatsan bai tsira ba, an makara, likita ya cire shi a makon da ya biyo baya. Amma sauran ƙafar ta tsira, lamba ta sauko, gyambo ya kama hanyar rufewa. Anti Mosun ta gaya wa dangi addu'ar Woli ce ta ci. Kwamfuta tana aiki, dama da hagu, tarihin rayuwa har ya shiga sakandare. Iya Dunsin tana nan a gidanta, tana wanke ciwo da safe, tana tuƙa amala, ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Abu ɗaya ta ƙara. Ranar da aka sallamo shi, ta kawo abinci ta ajiye a gabansa, ta wanke hannu, ta gutsiri amala daga farantinsa, ta dangwali miyarsa, ta ci tana kallonsa. Ta kurɓi ruwan kofinsa. Ta ɗan tsaya, yadda zai ga ba ta faɗi ba, sannan ta tura masa farantin ta koma kicin. Ya yi dariyar yaƙe, ya zaci fushi ne na kwana biyu. Da abin ya ɗore ya yi faɗa, ya ce wannan cin fuska ne. Daga baya ya koma roƙo. Ya kira ta Ibiwumi, ya ce don Allah, don darajar Dunsin, ta bari haka nan.

"Ci abincinka, Baba Dunsin," ta ce. "Rigakafi ne."

Har yau haka take yi, ko da baƙi a gidan. Shi kuwa yakan zauna ya jira, hannunsa na dama a kan gwiwa, har ta haɗiye.